Mazarƙwailar da Ta Yi Kumfa

Yanzu babu tsohuwar nan ta unguwarmu, babu sabulunta. Da ruwan tokar kara da man kaɗanya take dafa shi, ta cura, ta jera a faifai, ya fito kamar mazarƙwaila.

Wata rana mijinta mai kwaɗayi ya faki idonta, ya jefa curi ɗaya a baki.

Ta ce, "Malam, wa ya taɓa min faifai?"

Ya ce, "Ban taɓa ba." Kumfa ta leƙo.

"Malam, ba ka taɓa ba?"

"Ban taɓa ba!" Kumfa ta gangaro har gemu.

Ta miƙa masa buta tana dariya. "Kurkure, Malam. Don riguna na dafa, ashe bakinka ma yana son wanki."

Yara, ku taya ni addu'a: Allah ya jiƙanta, ya wanke ta fes. Ku ce amin.