Tuwon da Arzika Ya Manta

"Mansura! Hito nan!"

Mansura ta ajiye muciya ta fito daga madafa, ta durƙusa gaban surukarta, Inna Saude. Mijinta Arzika na zaune kan tabarma, tabon ɗinki ya ratsa masa goshi.

"Wanga yaro ya ce tun sahe bai sa komi ga bakinai ba. Yunwa kika son ki kashe min ɗa da ita?"

"Wallahi Inna ya sha kunu da ƙosai, yanzun nan na ɗauke kwanon..."

"To ƙarya ya yi miki ke nan?"

Ba ƙarya ya yi ba, ita ma ba ta yi ba. Wata huɗu ke nan da mashin ya kayar da Arzika a hanyar Tsafe, kansa ya bugu da kwalta. Ya tashi yana sane da kowa, har waƙar da aka yi ranar bikinsu yana rerawa, amma abin da ya faru ɗazu ba ya zama a kansa. Likitan Gusau ya bayyana mata, ita kuma ta bayyana wa Inna har bakinta ya gaji.

"Memori ɗinai ne ya taɓu, Inna, hoton kai da aka yi asibiti ya nuna!"

"Ni ban san wani memori ba. Gobe ki haɗa kayanki ki koma Bunguɗu gidanku!"

Hawaye suka zubo wa Mansura, ga baƙin cikin barin miji, ga kunyar a ce a duk garin Wanke ita ce mai hana miji abinci. Ta share fuska ta ce, "Na ji, Inna. Alfarma ɗaya nike roƙo — yau ke ki ba shi abinci da hannunki."

Inna kuwa kamar jira take. Ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka ta zuba man shanu, ta tsare Arzika sai da ya cinye malmala biyu ya yi gyatsa. Tana wanke hannu tana harare-harare.

Bayan la'asar maƙwabciya Asabe ta shigo gaishe shi. Arzika ya langaɓe kai.

"Asabe, yau ko ruwa ba a ba ni ba gidan ga."

Buta ta suɓuce daga hannun Inna. "Arzika! Ni? Ni da na..." Sai ta juya ta dubi Mansura, ta fashe da kuka.

"Wata huɗu haka kika sha, ɗiyata? Ki gafarce ni!"

"Wa ya taɓa min mata?" in ji Arzika, yana yunƙurin tashi. Wannan kam bai manta ba.

Inna ta kama hannun Mansura ta ɗaga. "Asabe, tahi ki gaya ma duk wadda na kai ma ƙararta, gida gida: ba a yi matar da ta kai tawa surukar ba!"

Mansura ta sunkuyar da kai, amma zuciyarta fal take da alfahari. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, kuma kafin ka yanke wa mai jinya hukunci, ka karɓi jinyar ko ta yini ɗaya ce.