Ɗigon Mai a Tsohuwar Waya

"Ka ɗiga mata mai in ga ta tashi, tsoho, sai in bar maka ita," in ji baƙon, ya dire wata baƙar wayar tarho a teburin Halvard, mai gyaran wayoyin dā a birnin Bergen.

"Tsoho yana gidanku. Kuma ka daina jiƙa mini daɓe da takalmanka," in ji Halvard, amma idonsa na kan wayar. Ya daɗe yana farautar irinta.

Lokacin hunturu ne, duhu ya rufe gari tun la'asar. Sanyin shagon har tururi yake fitarwa daga bakin Halvard, amma ban da bakin baƙon. Muryarsa kuma da wani shuu a cikinta, kamar daga nesa ake jiyo ta.

Halvard ya kwance wayar, ya kankare tsatsa, ya tsoma allura a kwalbar mai, ya ɗiɗɗiga wa haƙoran faifan da ake juyawa a buga lamba.

"Hannunka rawa yake, ka gama yayi," in ji baƙon.

"Rufe mini baki, ko ka kwashi tsiyarka."

Faifan ya juya sumul. Shi kuwa Halvard bai taɓa miƙa aiki bai gwada ba. Ya kara wayar a kunne, duk da igiyarta a yanke take, ya ce, "Halo?"

Ya sake buɗe baki, babu abin da ya fito sai shuu.

"Madalla, aiki ya yi kyau," in ji baƙon da muryar Halvard, har da ɗan tarin nan nasa na taba. Ya ja ƙofa ya fice.

Halvard dai ya samu wayar da yake kwaɗayi. Riba kuwa tana wurin wanda ya tafi da murya.