Lambar Gidan Alhaji Maharazu

Rana ta faɗa bayan duwatsu, kaji sun shige akurki, Hajiya Rabi'atu tana kwashe tuwo a madafa, sai wayar tarho ta yi ƙara a falo. 'Yarta Sa'adiya, wadda ta gama sakandare tana jiran sakamako, ita ta ɗauka. Ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta sake yi. Ba abin da ke fitowa sai wani numfashi mai nauyi, irin na wanda aka ɗora wa kaya a ƙirji.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa ne, wayar hannu ba ta iso Dutse ba tukuna, kuma gidajen da ke da tarho a Yalwawa ba su da yawa. Alhaji Maharazu, ma'aikaci a sakatariya, a farkon daminar nan aka ja masa nasa layin. Mai haɗa waya, wani mutum da ake kira Uwaisu, har sandar ƙarfe ya kafa a tsagar wani falalen dutse da ke bayan gidan, ya ɗaura mata waya saboda tsawa.

Tun daga maraicen nan, duk faɗuwar rana sai wayar ta yi ƙara, kuma ba a magana. Alhaji ya ɗauka samarin unguwa ne ke neman Sa'adiya. Da ya je Kano sai ya sayo wata na'ura mai nuna lambar mai kira, 'yar ƙarama fara kamar sabulu, da ɗan gilashi a fuskarta. Ya je ofishin waya aka buɗe masa hidimar a layinsa, sannan ya kira Uwaisu. Uwaisu ya zare igiyar da ta fito daga bango ya sa a bayan na'urar, ya ja wata gajeriya daga na'urar zuwa tarhon, ya sa batura.

"Alhaji, kada a yi gaggawar ɗauka," in ji shi. "A bari ta yi ƙara ta biyu, lambar za ta fito. Wannan maɓallin kuma yana dawo da lambobin da suka wuce."

Ran nan Alhaji a gida ya yi alwalar magariba ya zauna kusa da wayar. Ana fara kiran sallah ta yi ƙara. Ya bari ta sake. Lambobi suka bayyana a gilashin, baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ta waye, Alhaji?" Hajiya ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Tamu ce."

"Kamar yaya tamu?"

"Lambar gidan nan ce, Hajiya."

Bai rufe baki ba dutse ya sauka a kan kwano, ya gangaro a hankali ya faɗo tsakar gida. Wani ya biyo baya. Hajiya ta taɓa na farkon ta janye hannu, domin da ɗumi yake.

Washegari Uwaisu ya zo, ya duba igiyoyi, ya canza batura, ya danna maɓallin baya. Lambar nan dai ce ta fito, ta gidan. Ya ce layi ba ya kiran kansa, ya tattara kayansa, bai tsaya shan ruwan da aka kawo masa ba. Alhaji ya zare igiyar daga bango gaba ɗaya. Da magariba wayar ta yi ƙara, igiyarta na kwance a kan tabarma.

Daga nan gidan ya fara rufewa da mutanensa. In Alhaji ya mayar da igiyar ya buga wa wani, numfashin nan yake ji. Maƙwabta suka daina shigowa saboda jifa. Hajiya ta haɗa kaya za ta kai Sa'adiya wurin kakarta a Garki, amma suna isa zaure yarinyar ta zube, ƙafafunta suka sandare, sai da aka jawo ta ciki suka saki. Aka sake gwadawa, haka. Hajiya ba ta iya barin 'yarta, Alhaji ba ya iya barin su biyun, ya daina zuwa aiki. Sa'adiya ta rage cin abinci. Tun la'asar take zama a ƙasa gaban na'urar, ta zuba wa gilashin ido, kuma kafin wayar ta yi ƙara sai leɓɓanta su fara motsi tana karanta lambar.

Limamin unguwa ne ya yi musu hanyar Malam Bubayero na Limawa, wani dattijon Bafulatani mai ƙaramin jiki da sanyin murya. Ya iso bayan la'asar, ya zaga gidan, ya leƙa baya, sannan ya zauna a falo nesa kaɗan da yarinyar. Ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Haske ya yi ta janyewa daga taga. Babu wanda ya tashi kunna fitila.

Wayar ta yi ƙara, ta katse a tsakiya. Sa'adiya ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, busasshiya.

"Daina, kana ƙona ni."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Dada 'ya'yana ke kirana."

"Me kike nema a jikin yarinyar mutane?"

"Baki nake nema. Na kira, na kira, sun ɗauka ba su ji ba. Suka kawo wannan abin don su ga daga ina nake kira. Na nuna musu. Daga gidansu nake kira, amma ba wanda ya duba."

Hajiya ta toshe bakinta da mayafi. Malam ya tambaya me aka yi mata.

"Ƙarfe suka kafa a ƙofata. Ina ciki da 'ya'yana tun ruwan farko. Ba fita, ba iska. Wayar da suka ɗaura masa ita kaɗai ce hanyata, muryata ce kawai take bi."

"Za a cire. Ki saki yarinya."

"A cire, amma a bar min ita. Na daɗe ba wanda ya saurare ni. Zan riƙa zuwa da magariba kawai."

"Ko magariba ɗaya ba za ki samu ba," in ji Malam, bai ɗaga murya ba. "An zalunce ki bisa rashin sani, ke kuma kina zalunci kina sane. Ki yi alkawari da sunan Allah za ki kwashi 'ya'yanki ki bar gidan nan, in ba haka ba in ci gaba da karatu, ƙarfen kuma ya zauna inda yake."

Hawaye suka zubo a fuskar Sa'adiya, fuskar kuwa ba ta motsa ba.

"Ƙaramin ɗana ba ya motsi sosai," in ji muryar. "Na yi alkawari. Ku yi sauri. Amma maigidan ne zai cire da hannunsa."

Alhaji ya fita da tocila. Ya kwance wayar da ke jikin sandar, ya yi bisimilla, ya kama. Ta ƙi. Ya girgiza ta gaba da baya har fatar tafinsa ta saɓule, sannan ta zo gaba ɗaya ya faɗi zaune. Wata iska mai sanyi da warin tsohuwar rijiya ta fito daga tsagar, ta wuce ta gefen kunnensa, ta kaɗa ganyen dabinon maƙwabta, ta yi wajen duwatsu.

A falo Sa'adiya ta yi atishawa, ta kife a cinyar mahaifiyarta. Da ta farfaɗo ta ce, "Umma, yunwa nake ji." Da safe Malam ya sa ta taka zaure. Ta taka, ta fita har bakin titi, ta tsaya tana kallon mutane.

Alhaji ya so ya jefar da na'urar, Malam ya ce ba laifinta, sai dai a kafa sandar tsawa a wani wurin. Aka yi haka.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, wayar ta yi ƙara. Duk su ukun suka tsaya cak inda suke. Ta sake ƙara. Sa'adiya ce ta matsa ta leƙa gilashin.

"Lambar Kano ce, Umma."

Hajiya ta ɗauka. Yayarta ce, Hajiya Nana Aisha, ko gaisuwa ba ta tsaya gamawa ba.

"Haba Rabi, tun farkon damina nake nemanku. Safe, rana, dare, duk lokacin da na buga sai in ji kuna kan layi. Wai da wa kuke hira haka?"

Hajiya ta dubi mijinta, ta dubi 'yarta, ta zauna a hankali a bakin kujera.

"Yaya," ta ce, "sai dai in kin zo."