Dangar Ƙaya ta Uwaisu

Uwaisu mutum ne mai riƙo, ga baƙin kishi. Shekarar da kuɗin mai suka kawo shi karatu London, ya kama gida a Tottenham da matarsa Saudatu da 'yarsu Sakinatu. Maƙwabciyarsu Margaret ta hango shi yana yanka ragon layya a lambun baya, ta kai ƙara hukumar unguwa. Shi ke nan fa! Ya sayo bishiyoyin holi goma sha biyu, masu ganye duk ƙaya, ya jera su ya kewaye lambun ruf, ko kyanwa ba ta samun wurin ratsawa.

Wata magariba Saudatu na kwashe shanya, sai jajayen 'ya'yan holi suka fara faɗo mata a ka. Babu iska. Washegari tsakuwa ce ta riƙa dukan taga. Rana ta uku suka tarar da Sakinatu tsaye a gindin dangar, hannuwa duk jini, tana turawa kamar mai neman ƙofa. Daga ranar ta daina ci, ta daina magana.

"Makircin tsohuwar nan ne," in ji Uwaisu. Kwana shida yana wannan taurin kai, yarinya na ƙarewa a gabansa.

Saudatu ce ta kira Malam Nata'ala, mai koyar da Hausa a Bloomsbury. Ya zo a jirgin ƙarƙashin ƙasa da lemarsa, ya zauna ya yi ta karatu har rana ta yi ja. Sai yarinyar ta buɗe baki, muryar tsoho ta fito.

"Wa ya toshe mini hanya?"

"Kai wane ne?" in ji Malam.

"Mai wucewa. Tun ba a gina layin nan ba nake bi ta nan duk magariba. Ban taɓa ɗaga ido na dubi iyalinsa ba. Ina ciki ya rufe ni da ƙaya. To, wa zan kalla yanzu?"

Malam ya sake tambayarsa:

"Me zai sa ka sake ta?"

"A tuge bishiyoyin duka."

"Ɗaya," in ji Malam.

"To, ta tsakiya," in ji muryar.

Ta tsakiyar ita ce daidai tagar kicin ɗin Margaret. Uwaisu ya haƙa yana huci, ƙaya na yagar masa hannu, tsohuwar na tsaye bayan gilashi tana kallonsa. Bishiyar na faɗuwa, ganyaye suka girgiza sau ɗaya. Sakinatu ta yi atishawa, ta ce, "Mummy, ruwa."

Da safe Uwaisu ya ce wa Saudatu, "Daga yau kada ki ƙara fita lambun nan."

Saudatu ta dube shi sama da ƙasa. "Maigida, na ga irin tsaron da kake mana."

Ta ɗauki bokitin wanki ta fita, ta ɗaura igiyar shanya a daidai giɓin.