Kujerar Gefen Kwamfuta

Labaran ya fara ganin Barakatu ne a ɗakin karatu na jami'a a Kano, shekarar da aka kawo kwamfuta mai faifai. Layi ake yi a gabanta, domin a faifan nan ake lalubo sunayen maƙalun kasuwanci da taƙaitaccen bayaninsu.

"Me kike nema?" ya tambaye ta, tana gabansa a layi.

"Abin da aka rubuta kan kasuwancin matan karkara. Bincikena na kammala karatu a kan masu nono ne na kasuwar Tudun Wada."

"Ai innata na cikinsu. Daga rugarmu ta Doguwa take kawowa."

Ta juyo ta dube shi sosai, ta yi murmushi. Da hutu ya zo shi ya kai ta wurin Inna Tani, ta zauna a gindin ƙorai tana tambaya tana rubutawa. Kafin a koma makaranta ta sa masa suna Ɗan ruga, shi kuma yana ce mata Barakata.

Matsalarsa ɗaya ce, Ɗahiru, ma'aikacin da ke kula da kwamfutar. Shi kaɗai ke taɓa ta, mai nema sai dai ya zauna a gefensa. Kowa ya zauna minti kaɗan ne ya tashi, amma ban da Barakatu. Ɗahiru ya sauya wannan kalma, ya haɗa waccan, ya buga mata sakamakon a takarda, suna dariya. Labaran na bayan kantar littattafai, ya buɗe littafi ya kasa karanta ko layi ɗaya.

"Yau ma shi ne?" ya ce da ta fito.

"Shi ya san kalmomin da ake sawa. Na sa nono ban samu komai ba, sai da ya ce mu sa ƙananan 'yan kasuwa mata."

"Dariyar ma a faifan take?"

"Ɗan ruga, kar ka fara."

Ba a jima ba labari ya iske shi cewa Ɗahiru ya je Kiru ya gaida mahaifinta, Malam Hamidu, kuma tsohon ya yaba da shi. Labaran ya ɗauke mata ƙafa, ko gaisuwarta ya daina amsawa.

Ita ta tare shi a ƙofar ɗakin karatu, idanunta sun yi ja.

"Na taɓa ce maka ina sonsa?"

"Ba sai kin faɗa ba."

"Na gaya masa ina da wanda nake so, bai fasa zuwa gidanmu ba. Kai kuwa fushi kawai ka iya. Baba bai ma san da kai ba, Labaran."

Ya sunkuyar da kai.

"Ki yafe min, Barakata. Tsoro nake kar a ce ban kai ba."

"To je ka wurin Baba a gaya maka."

Ƙarshen makon nan kawunsa Buba ya sauka a Kiru don nema masa aurenta. Malam Hamidu ya karɓe shi da mutunci, amma ya ce shi manomi ne, ba ya son 'yarsa ta ƙare a ruga. Buba bai yi musu ba, ya ci gaba da zuwa gaisuwa. A ƙarshe tsohon ya kira 'yarsa gaban mahaifiyarta.

"Ke fa, wa kike so?"

"Baba, Labaran," ta ce, kanta a ƙasa.

Malam Hamidu ya ce, "Ki gama karatunki tukuna."

Bayan sun kammala aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Hamidu. Da aka kai amarya Doguwa, Inna Tani ta kama hannunta ta ɗora a na ɗanta.

"Ga ta nan, ka rage zafin rai. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.