Jinginar Mai Haƙa Rijiya

Magariba ta kawo jiki, mai haƙa rijiya yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana wanke laka daga ƙafafunsa, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Matarsa ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu a cikin bokitin gabansa ya sauka, baƙi, mai sanyin ƙasa mai zurfi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a rami ya san ba a tsintar irin wannan a kan hanya. Ya jefa dutsen a aljihu, ya shige ɗaki.

Dama gidan a ƙuntace yake. Ya haƙa wa wani ɗan kwangila rijiya a sabuwar unguwa, da baki kawai suka yi ciniki. Da matarsa ta ce a rubuta, dariya ya yi mata, wai mai motoci ba zai cinye haƙƙin talaka ba. To, ya cinye, har ya kora da ruwan rijiyar. Duk zuwan da ya yi, amsa ɗaya ake ba shi: "Ina takardarka?"

Kullum magariba sai jifa. Daga baya aka soma jin tarin tsoho a bayan ɗaki, a leƙa babu kowa. Rannan Auta, 'yarsu, tana shara ta saki tsintsiya, ta dubi ubanta, ta ce da wata murya mai kauri, "Ina ɗakina?" Tun daga nan ta daina ci, ta daina barci. Tana ramewa suna kallo, tsoro ya hana su ko kuka.

Aka ɗauko wani malami masanin irin wannan lalura. Ya zauna kusa da kanta ya daɗe yana karatu, har yarinyar ta miƙe zaune, idanunta a kafe.

"Bawan Allah," in ji malam, "me yarinyar nan ta tare maka?"

"Ita ba komai," in ji aljanin da ke kanta. "Tambayi ubanta wa ya fasa masa dutse a ƙasan rijiya. Wurin gidana ne. Ya ce in fasa, in tashi, in an biya shi zai gina mini ɗaki a bayan gari. Iyalina a fili suke kwana."

Mai haƙa rijiya ya durƙusa. "Na faɗa, malam. Gajiya ce, na zaci ni kaɗai ne a ramin. Wallahi ba a biya ni ba."

"Na sani," in ji muryar. "A gabana kuka yi ciniki da ɗan kwangilar. Amma wace kotu ce za ta karɓi shaidata?"

Malam ya nemi a yi sulhu. Aljanin ya ce ya yarda, amma shi ya gama da maganar baki, sai an rubuta. Aka yago takarda daga littafin makarantar Auta, malam ya rubuta girman ɗakin, da wurinsa, da wa'adi kafin saukar ruwan farko.

"Saura jingina," in ji aljanin. "Yarinyar."

"Wannan kam ba zan rubuta ba."

Uban ya jawo diga da shebur da igiya ya zube. Muryar ta yi dariya, ta ce me za ta yi da su. Sai ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. "Ɗauki abin da kake so a jikina, ka sakar mini ita."

"Hannun dama. Ranar da aka rufa ɗakin zan mayar."

Malam ya ajiye biro. "Da shi fa zai nemo kuɗin ginin."

"Rubuta, malam," in ji uban.

Aka rubuta, ya dangwala yatsa. Auta ta yi atishawa, ta sulale kan tabarma. Can ta buɗe ido, ta ce da muryarta ta da, "Baba, ruwa."

Ya kai hannu ga kofi, hannun bai tashi ba. Ya ɗauka da hagu, ruwan yana zuba, matarsa ta tallafe masa gindin kofin har yarinyar ta shanye.