Mai Riƙe da Igiyar Jirgi

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, Lennox Pascal ya dubi tsabar idon Malam Osbert ya shara masa ƙarya. Daga ranar aka fara cutar dattijon, kuma har yau ba a daina ba.

A kan gadar katakon da jirage ke tsayawa a ƙauyen Windward suka tsaya, a tsibirinsu na Carriacou, jirgin yana lilo a ƙarƙashinsu. Jirgin ruwa ne mai tafiya da iska, na hannu, Lennox ya kawo shi daga tsibirin Bequia don ya sayar. An shafe shi da farin fenti, ba suna a jikinsa.

"Malam, wannan ba tafiya yake yi ba, tashi yake," in ji Lennox. "Iska ta ɗan hura kawai, sai ka dafe hularka. Zanen iskarsa sabo fil. Inji bugu ɗaya. Ga anka, ga kamfas, ga rediyo, ga famfon kwashe ruwa."

Malam Osbert ya yi koyarwa har ya yi ritaya, kuma Lennox ɗin nan ta hannunsa ya bi. Ya san tun yana aji bakinsa ya fi hannunsa aiki. Don haka ya sauka da kansa, ya ƙwanƙwasa katako, ya murza igiyoyi, ya tayar da inji ya saurara. Komai daidai. Sai ya yi tambayar da ta fi duka.

"Mai shi fa?"

"Yana Kanada wurin 'yarsa, sanyi yana gasa masa aya a hannu."

"Da ransa?"

"Haba Malam! Shekaranjiya ma muka yi waya."

Ba tambayar banza ba ce. Jirgin mamaci ba a hawansa sai an jiƙa masa bene, wato daɓen katakon da ake takawa. A zuba barasar rake, a bi da ruwa, a kira sunan mai shi, a gaya masa jirgi ya sauya hannu, ya saki. Kowa ya san wannan, Lennox ma ya sani. Amma mai rai ba a yi masa haka, don kamar fata ne ake yi masa na mutuwa. Saboda haka Malam bai zuba komai ba.

A cikin kayan jirgin akwai wata doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle, an ɗaura jar robar da ba ta nitsewa a ƙarshenta. Masu tafiya su kaɗai suna sakin irinta a bayan jirgi, don in mutum ya faɗa ruwa ya sami abin kamawa.

"Wannan kyauta na ba ka," in ji Lennox yana dariya. "Tsoho irinka, kada ka fita ba ka sake ta ba."

Ranar Lahadi Malam ya ɗauki matarsa Philomena suka tsallaka tsibirin Petite Martinique duba yayarta da ba ta da lafiya. Da za su je, jirgin ya cika alkawari. Ya ɗan kishingiɗa, ya tsaga ruwa kamar almakashi a sabon yadi. Malam ya manta da igiyar ma, tana naɗe a ƙarƙashin benci.

Hira ta yi daɗi, ba su taso ba sai da rana ta yi ja. Philomena ta zauna da ƙwaryar kifin da aka ba su a cinyarta, tana kankare ɓawonsa da wuƙa.

"Tsohon nan, ka saki igiyar taka mana," ta ce. "In ka faɗa, ni dai ba zan jiƙa rigar cocina ba."

"Mena, ni da na koya wa rabin tsibirin nan iyo?"

"A kan allo ka koya musu."

Ya yi tsaki, ya ɗaure igiyar a ƙarfen bayan jirgi, ya wurga ta. Jar robar ta bi su tana tsalle a kan kumfa.

Sun kai tsakiyar mashigin tekun lokacin da almuru ta fara sauka. Fitilun Windward suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya a gabansu. Iska tana nan yadda take, zanen ya cika tam. Amma ƙarar ruwa a gefen jirgin ta ragu.

Malam ya dubi zanen. Ya dubi ruwa. Ya ƙara ɗaure igiyar zanen, bai ga canji ba. Jirgin yana nishi kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙima.

"Mun taka raga ne?" Philomena ta tambaya.

"Babu mai sa raga a nan."

Ta sunkuya za ta ɗauko fitila daga ɗakin ƙasa, sai ta tsaya. Hasken da ya rage yana faɗowa a karkace a kan katakon saman ƙofa. A ƙarƙashin sabon fentin, sassaƙaƙƙun haruffa sun fito.

"Malam," ta ce a hankali. "Lady Ismay."

Malam ya gane sunan. Sun ji labarin a rediyo bara, su biyu, suna cin abinci. Sunan jirgin wani mutumin Bequia ne mai suna Garnet. An tsince shi yana yawo a teku, zane a buɗe, shayi a kofi, igiya tana jan ruwa a baya. Ba a taɓa ganin gawar ba.

Malam ya waiwaya.

Jar robar ba ta nan.

Igiyar ta miƙe kamar tsarkiyar baka, ta nitse cikin ruwa. Ɗigo yana tsattsafowa daga jikinta. Ƙarfen da aka ɗaure ta yana ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ.

Sai wari ya zo. Warin ciyawar teku da ta ruɓe, gauraye da na jiƙaƙƙiyar taba.

Igiyar ta girgiza, ta tsaya. Ta sake girgiza, ta tsaya. Duk wanda ya taɓa hawa igiya ya san wannan motsin. Hannu ne yake sakin ƙulli yana kama na gaba.

"Tayar da inji," in ji Philomena.

Ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake. Ko tari injin bai yi ba.

Wani ne ya yi tarin. A bayansu, a cikin ruwa. Tarin mutumin da ƙirjinsa ya cika.

"Ja ni."

Muryar ba ta da ƙarfi. Muryar gajiyayye ce.

"Ɗan'uwa, ja ni. Na daɗe."

A tsibirin nan ba a barin mutum a ruwa, ko da maƙiyinka ne. Da wannan aka raini Malam Osbert, shi ma da shi ya raini 'ya'yan mutane. Kafin hankalinsa ya hana shi, hannuwansa sun riga sun kama igiyar. Sanyinta ya ratsa shi har haƙori.

"Osbert, saki!"

"In mai rai ne fa, Mena?"

Ya ja. Nauyin ya taho. Wani abu mai duhu ya taso a cikin kumfa, kamar kai, gashi a manne. Sai hannu ya fito ya kama ƙullin da ke dab da jirgi.

Fari ne fat, ya kumbura. Ƙananan katantanwa sun yi gida a bayansa.

Malam ya buɗe yatsunsa. Igiyar ba ta sake shi ba. Ta naɗe wuyan hannunsa, ta matse.

Yanzu ba shi ke ja ba.

Cikinsa ya bugi katakon baya. Hularsa ta faɗa ruwa. Fuskarsa ta sunkuya, warin ya cika masa baki.

"Jirgina ne," in ji muryar, dab da kunnensa. "Wa ya ba ka?"

Ƙafafunsa suka bar bene.

Philomena ta cakumi ɗamararsa da hannu ɗaya. Da ɗayan ta ɗora wuƙar kifi a kan igiyar.

"Garnet!" ta yi ihu. "Ba mu sani ba! Ƙarya aka yi mana! Ka yi haƙuri, bawan Allah!"

Ta yanka. Igiyar ta yi tauri kamar waya. Ta sake yankawa.

Wani hannun ya dafa gefen jirgi.

Igiyar ta tsinke.

Jirgin ya zabura kamar an sake shi daga turke. Su biyun suka zube a bene, kifi ya watse a kansu. A bayansu wani ya yi kira sau ɗaya, ba da fushi ba, kiran wanda ya ga jirgi yana tafiya ya bar shi a karo na biyu.

Ba su waiwaya ba har suka daki gadar Windward.

Malam ya kwana biyu bai iya riƙe cokali ba. Da ya miƙe, ya nemi matar Garnet a Bequia ya aika mata kuɗin jirgin fasinja. Matar, Ismay, wadda aka sa wa jirgin sunanta, ta zo da baƙaƙen kaya. A bakinta aka ji cewa ta gaya wa Lennox komai ranar da ta damƙa masa jirgin, har ta roƙe shi ya jiƙa benen kafin kowa ya hau, don ita zuciyarta ba za ta iya ba. Ya ce mata an gama. Ya san jirgin mamaci ba ya saurin samun mai saye, shi ya sa ya shafe sunan.

Ismay ta tsaya a bayan jirgin, ta zuba barasa, ta bi da ruwa, ta kira mijinta da sunan da take kiransa a gida, ta ce ya saki. Tun daga nan jirgin yake tafiya lafiya. Amma guntuwar igiyar da ta rage a ƙarfen ba ta bushewa, komai zafin rana. Wuyan hannun Malam kuma yana da zobe fari, mai sanyi, kuma yana farkawa da asuba yana jin kiran nan na ƙarshe.

Shi kuwa Lennox, maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya zauna a shagon barasa yana ba da labari. Wai Malam ya yi tatil a gidan surukai, ya maƙale a igiyarsa, ya ga fatalwa. Mutumin da bai taɓa shiga aji da warin giya ba! Yanzu yara suna bin bayansa a hanya suna cewa, "Ja ni, ja ni."

Malam Osbert ba ya son a karɓi jirgin, ba ya neman ko sisin Lennox. Abu ɗaya yake nema, kuma ba zai rage ko kalma ba. Lennox Pascal ya zo kan gadar Windward ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, inda ya yi ƙaryar, a gaban mutanen da ya ba dariya. Ya cire hularsa. Ya faɗa da bakinsa cewa ya san Garnet ya mutu, ya ce yana Kanada. Ya nemi gafarar Philomena, ya nemi ta Ismay, ya nemi ta malaminsa. Sannan ya juya ya fuskanci teku, ya ɗaga murya, ya nemi gafarar mutumin da ya sa aka yanke wa igiya.